Gasasshen Iri

"Inna, ki bari in share wurin nan mana, ko na minti biyu ne."

Sista ce tsaye a bakin rumfa da tsintsiya a hannu, tana hararar busassun kawunan furannin da surukarta ta baza a kan tsohuwar jarida. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ɗauki kai ɗaya ta murza shi tsakanin yatsunta, sai ga 'ya'yan sun zubo mata a tafin hannu, sirara, baƙaƙe, kowanne da ɗan farin gashi a wutsiya.

"Ki share me, 'yar nan? Wannan da kike gani shara, shi ne furen baɗi."

Auta, mijin Sista, yana tsugune a gefe yana ɗura ƙasa a ledojin dashe. Ya kwashe da dariya.

"Ki yi mata uzuri, Inna. A asibitinsu duk abin da ya bushe ya yi baƙi, sai an sa safar hannu ake taɓa shi."

"Yallaɓai, ka yi ta yi," in ji Sista. "Ranar allurarka na nan zuwa."

Watansu bakwai ke nan da aure. Ita nas ce a wani ƙaramin asibiti, shi ya sa kowa ke ce mata Sista, har mijin. Shi kuwa, duk da tsawonsa da gemunsa, da Auta ya tashi kuma da Auta ya girma, yana riƙe da lambun sayar da dashe da ke bayan gidansu. A asibitin suka haɗu, ranar da shebur ya yanke shi a ƙafa. Ciwon na kwana goma ne, amma bawan Allah sai da ya yi wata biyu yana zuwa canjin bandeji, har likita ya ce masa ko dai ya fito fili ya faɗi abin da ke damunsa, ko a ba shi gado.

Kowa ya yi na'am da auren in ban da Yaya Babba, babbar yayar Auta, wadda ke aure a wata unguwa mai nisa. Ita ta ce mai fararen kaya da wanke hannu sau ashirin a wuni ba ta san darajar ƙasa ba, kuma gidan taki ba wurin zamanta ba ne. Maganar ta isa kunnen Sista tun kafin ta shigo gidan, ta kuma zauna mata daram a zuciya. Ta ɗaukar wa kanta alkawarin ba za a taɓa samunta da laifi a gidan nan ba, komai ƙanƙantarsa. To, wannan alkawarin shi ya kai ta ya baro.

Furen da ake magana a kai, 'yan boko marigol suke ce masa, amma a gidan nan sunansa furen Baba. Marigayi mahaifin Auta ya yi shekara talatin yana zaɓen irinsa, duk shekara yana ajiye na kirki yana tumɓuke sauran, har ya samu wanda babu irinsa a shago. Dogo ne har ƙugu, launinsa ruwan goro, tsakiyarsa ja wur, ga wari mai ƙarfi da ke korar ƙwari daga tumatir in an shuka shi a tsakanin layi. Tun rasuwar Baba shekara tara da suka wuce, Inna ce ke riƙe da shi. Takan ɗaura zare a jikin waɗanda suka fi kyau don kada kowa ya tsinka, ta bar su su yanƙwane su bushe a kan karansu, sannan ta yanko ta shanya a inuwa. Ba ta taɓa bar wa kowa wannan aikin ba, ko Auta.

Da yammacin ranar aka bugo waya cewa Yaya Babba ta haihu, amma sai da aka yi mata tiyata. Dole Inna ta je ta zauna da ita mako biyu. Auta zai kai ta, daga can ya wuce wani otal da aka ba shi aikin shuke-shuke na kwana huɗu. Inna ta tsaya a kan jaridar nan da jakarta a hannu, ta kasa tafiya.

"'Yar nan, amana zan bar miki. Kada rana ta taɓa su, kada ruwa ya taɓa su. In sun bushe ƙayau ki murje, ki zuba a ambulan na takarda. Ban da leda, kin ji? Leda gumi take sa su."

"Na ji, Inna. Kada ki damu ko kaɗan."

Inna ta hana rana, ta hana ruwa, ta hana leda. Wuta ce kawai ba ta ambata ba, don a duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa tunanin akwai wanda ke bukatar a hana shi ba.

Washegari ruwan ƙarshen damina ya kece, ya yi kwana uku yana yi yana ɗaukewa. Sista ta kwashe jaridar ta kai falo, amma komai na gidan ya yi danshi. Rana ta uku ta duƙa ta duba, sai ta ga 'yan ƙananan ƙwari suna yawo a cikin kawunan, ga wani wari kamar na fumfuna. Ta hango fuskar Yaya Babba a ranta tana cewa, ai na faɗa muku. A wurin aikinta, duk abin da ake tsoron ƙwayar cuta a jikinsa, zafi ake ba shi a huta. Ga kuma obin, na'urar gasa biredi ta lantarki, da ƙawayenta na asibiti suka haɗa mata kyauta, yana zaune a kicin ba aikin fari ba na baƙi. Ta ce a ranta rigakafi ya fi magani, ta zuba kawunan a tire, ta kunna, ta ba su minti ashirin cif.

Suka fito a bushe ƙayau, babu ƙwaro ko ɗaya. Ta murje, ta bushe ƙaiƙayin, ta cika ambulan, har da rubuta shekara a baya da kyakkyawan rubutunta. Da Inna ta dawo ta zura yatsa a ciki, sai da ta yi murmushi.

"Ikon Allah. Cikin wannan danshin? Ni kaina ban taɓa samun bushewa irin wannan ba. Allah ya yi miki albarka."

A gabanta Inna ta kira Yaya Babba a waya ta ba ta labari, kuma Sista ta yi kwana uku tana jin kanta a sama.

Wata biyu bayan haka, wata Asabar da safe, ta kawo wa Auta shayi a lambu ta tarar yana fama da wani mai saye da ya dawo da ƙorafin cewa irin barkonon da ya saya bai fito ba.

"A ina ka ajiye shi?" Auta ya tambaye shi.

"A mota, gaban gilashi. Mako ɗaya ne kawai."

"Haba, maigida. Iri fa rai gare shi, barci kawai yake yi. Ka bar shi cikin zafin mota, ai ka dafa shi. Zai yi kyau a ido, amma gawa ce."

Shayin ya zuba wa Sista a yatsa, ba ta ma ji zafin ba. Ta ajiye ta koma ciki. Ranar Litinin ta ɗebi ƙwaya ashirin daga ambulan, ta jera su a kan jiƙaƙƙiyar auduga a cikin faranti, ta ɓoye a kabad ɗinta na asibiti. Ta taɓa jin Auta yana cewa marigol ba ya wuce mako bai tsiro ba. Ta ba shi kwana goma, babu abin da ya motsa. Ta sake ɗibar wasu ashirin, su ma haka, sai fumfuna da suka yi. Ta zauna a ɗakin canza kaya ta yi kuka mai isarta, ga kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Aikin shekara talatin da tara ne ta gasa a minti ashirin, garin neman gira ta rasa ido.

Ta yi niyyar faɗa wa mijinta, Allah ya sani ta yi. Ran nan suna cin abincin rana ta buɗe baki ta ce, "Yallaɓai, akwai wata magana..."

"Ni ma akwai," ya katse ta yana fara'a. "Kin san me Inna ta ce jiya? Ta ce yanzu ko ta mutu hankalinta a kwance yake, furen Baba ya samu hannu. Yaya kuwa bakinta ya mutu murus. Wallahi Sista, kin fitar da ni kunya. To, mece ce taki maganar?"

"Babu komai. Gishiri ne nake ganin ya yi yawa."

Washegari daga aiki ta biya shagon kayan noma. Ta ce a ba ta irin marigol, aka nuno mata fakiti da hoton fure ruwan goro a jiki. Ta ce a ranta ai marigol marigol ne. Ta saya, ta dawo gida lokacin Inna na barcin rana, ta zazzage gasasshen irin a leda, ta cika ambulan da na shago. Tana yi tana ƙin kallon hoton Baba da ke jikin bango.

Da damina ta kama, Auta ya nome 'yan waɗanda suka zube a ƙasa bara suka fito da kansu, kamar yadda yake yi kowace shekara, tunda akwai zaɓaɓɓen iri a ambulan. Aka yafa, cikin kwana biyar ya tsiro ya yi kore shar, Sista ta sauke ajiyar zuciya ta ɗauka an wuce wurin. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka yi wata guda shukar ba ta wuce tsawon tafin hannu biyu ba. Mako bakwai ta fara fure, sai ga shi rawaya fayau, babu ja a tsakiya, warin ma sai ka kai hanci kake ji.

Inna ta bi layin daga farko har ƙarshe, ta dawo ta sake bi, sannan ta zauna a kan wani juyayyen bokiti ta yi tagumi. Ba ta ci abincin kirki ba ranar. Kwana biyu bayan nan Yaya Babba ta iso da goyonta, ta leƙa lambun, ta dawo falo ta zauna ta gyara murya.

"Auta, mu daina ɓoye wa kanmu gaskiya. Inna ta fara mantuwa. Lokacin da take wurina sau biyu tana neman tabarau yana kanta. Yanzu ga wannan. Ta haɗa ambulan ɗin Baba da na shagonka, wa ya san wa aka sayar wa na gasken? Yau iri ne, gobe risho za ta bari a kunne."

"Wataƙila haka ne," in ji Inna a hankali. Hawaye ya gangaro mata. "Na yi ta tunani, na kasa tuna ranar da na taɓa shi. To, ai mantuwar ke nan, ko? Babanku ya bar mini abu ɗaya tak in riƙe masa, na kasa."

"Ki daina kuka, Inna," Yaya Babba ta ce. "Ki koma wurina ki huta. Bene ne, ba lambu ba wahala, ga likita kusa. Ranar Juma'a zan zo da mota."

Auta ya sunkuyar da kai bai yi gardama ba. Sista tana tsaye a ƙofar kicin, ta ji komai, ta kuma yi shiru. Kwana huɗu ta yi a haka, tana kallon tsohuwar da kullum take riga kowa shiga lambu ta koma zaman ɗaki, tana tambayar Auta, "Na sha maganina kuwa? Duba mini, ban yarda da kaina ba." Sista ta ji ta tsani kanta. In ta tsaya gaban madubi don ɗaura ɗankwali, gefe take kallo.

Ranar Juma'a da hantsi Yaya Babba ta iso, ta ce Sista ta taya Inna haɗa kaya. Tana durƙushe tana ninke zannuwa a akwati, Inna na zaune a bakin gado, sai tsohuwar ta dafa kafaɗarta.

"'Yata, ki yafe mini. Kin sha wahala kin busar da irin nan cikin ruwa da danshi, kin riƙe amana, ni kuma na je na watsar. Na sa wahalarki ta tashi a banza."

Zanen ya suɓuce daga hannun Sista. Duk abin da ta yi ta tokarewa a ƙirji wata da watanni ya ƙi tokaruwa. Ta kama ƙafafun Inna ta fashe da kuka, har Auta da yayarsa suka shigo da sauri.

"Ba ke ba ce, Inna — wallahi ba ke ba ce. Hankalinki lafiya lau yake. Ni ce. Na ga ƙwari a ciki, na sa shi a obin na gasa, ban san zai mutu ba. Da na gane, sai na ji kunyar faɗa, na sayo na shago na zuba a ambulan ɗin. Ba ki haɗa komai ba, ba ki manta komai ba."

Inna ta dube ta, sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "To, ashe ba ni ba ce." Ta miƙa hannu ta jawo akwatin, ta fara fitar da zannuwanta ɗaya bayan ɗaya.

"A obin!" Yaya Babba ta tafa hannu. "Kun ji ko? Ta gasa gadon ubanmu kamar biredi, ta kuma zuba ido uwarmu na kiran kanta mahaukaciya. Auta, in kai ɗan halak ne, motar nan da ta zo ɗaukar Inna, ita za ta ɗauka ta kai gidansu."

Auta ya jira sai da shi da Sista suka koma ɗakinsu, ya tsaya a bakin taga ya juya mata baya.

"Gasa irin kuskure ne," ya ce. "Da kin faɗa mini tun a lokacin, da zan yi fushi na kwana biyu, in bar waɗanda suka fito da kansu in ɗauki iri a jikinsu. Da hannuna na nome su, kina tsaye kina miƙo mini ruwan sha."

"Na ji kunya ne, Yallaɓai."

"Kunyar wa? Kin ji kunyar Yaya ta yi miki dariya, amma ba ki ji kunyar uwata tana kuka a gabanki kwana huɗu ba?"

Bai kore ta ba, bai kuma sake yi mata faɗa ba, kuma da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Wasa da tsokanar da suka cika gidan suka ɗauke ɗif. Yaya Babba kuwa kullum sai ta bugo waya ta tambaya ko har yanzu mai obin tana nan. Inna ta koma lambunta, ta tumɓuke furen shagon kaf, amma in Sista ta gaishe ta, amsawa take yi a taƙaice ta ci gaba da abin da take yi.

Bayan mako biyu Sista ta same ta a rumfa, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, a duk shekarun nan, babu wanda kuka taɓa ba wa irin nan?"

Inna ta ajiye abin da take yi. "Babanku ba ya hana kowa. Akwai tela na bakin kasuwa, da matar mai gyaran keke, da malamar firamare da ta yi ritaya, da wasu. Amma ki sani, duk wanda kika je wa, sai ya tambaye ki abin da ya sami nawa."

"Zan faɗa musu."

"Duka?"

"Duka, Inna."

Haka ta fara. Kullum in ta tashi aiki, da fararen kayanta, sai ta bi gidajen da Inna ta lissafa mata. Kuma kamar yadda Inna ta faɗa, kowa tambayarsa ɗaya ce. Sista takan sunkuyar da kai ta ce, "Ni na gasa shi a obin, sannan na yi ƙarya na sauya da na shago." Tela sai da ya tsayar da keken ɗinkinsa ya kira matarsa ta zo ta ji da kunnenta, suka yi dariya har da hawaye, sannan ya ce nasa tun bara waccan awaki suka cinye. Matar mai gyaran keke ta ce sun yi wa tsakar gidansu siminti. Malama ta yi mata wa'azin rabin awa a tsaye, ta ƙare da cewa nata ya mutu tuntuni. Kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa, in ta wuce sai ta ji ana cewa, "Ga mai gasa iri nan." Fuskarta takan yi zafi, amma washegari sai ta sake fita.

Gida na goma sha ɗaya ba gida ba ne, ɗakin wani tsohon mai gadin makaranta ne. Ya saurari bayaninta bai yi dariya ba.

"Kin iya faɗin laifinki, 'yata," ya ce. "Zo ki gani."

A bayan ajujuwa, jikin katanga, marigol ne ya yi shekaru yana zubewa yana fitowa da kansa. Wasu gajeru, wasu dogaye, wasu rawaya. Amma a tsakiyarsu ta hango guda biyar masu tsayi har ƙugu, ruwan goro, da ja a tsakiya. Ta durƙusa a cikin ciyawa da fararen kayanta ta kai hanci, warin ya buge ta har sai da ta yi atishawa. Ta zare zare daga gefen gyalenta ta ɗaura musu.

Daga ranar, kullum sai ta biya ta duba su, don 'yan makaranta ba su barin fure. Ta kewaye su da ƙaya, ta cire ciyawa, ƙasa ta shiga ƙarƙashin farcenta ta ƙi fita. Ba ta faɗa wa kowa a gida ba, don tsoron kada a sa rai abin ya lalace. Wata La'asar tana tsugune tana duba kan da ya fara yin ruwan ƙasa, sai ta ga inuwar mutum dogo a kanta.

"Kada ki yanke shi yanzu," in ji Auta. "Gindin kan yana da sauran kore. Ki ba shi kwana biyar."

Ta kasa ɗagowa. "Wa ya faɗa maka ina nan?"

"Tela. Ya ce in zo in ga matata, ta fi ni jarumta. Ya ce shi in ya ɓata ɗinkin mutum, gara ya canza hanya." Ya tsuguna kusa da ita. "Gida goma sha ɗaya, Sista? Kowanne kina faɗa musu?"

"Ai gaskiya ce. Da na faɗa a gida ɗaya tun farko, da ban faɗa a sha ɗaya ba."

Ya kama hannunta ya juya shi yana duban farcen. "Wannan hannun kuwa za su bar shi ya shiga asibiti?"

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda. Tare suka koma gida ranar, a ƙafa, yana ba ta labarin abubuwan da suka faru a lambu kamar wanda ya dawo daga tafiya.

Da kawunan suka bushe ta yanko su a cikin takarda, ta shanya a inuwa kwana goma, sannan ta kai gaban Inna ta ajiye. Ranar Yaya Babba ta zo gidan, kuma da maganarta ta zo, cewa lokaci ya yi da za a san matsayin mai obin. Inna ta murza kai ɗaya, ta shinshina.

"Jininsa ne," ta ce daga baya. "Amma ya gauraya. Ƙudan zuma sun yi shekaru suna haɗa shi da waɗancan gajerun. In an shuka goma, da ƙyar biyu su yi kama da na babanku. Sai an tumɓuke takwas kafin su buɗe sosai, a ajiye irin biyun, baɗi a sake. Shekara huɗu ke nan, in Allah ya sa an dace."

"To, wa zai yi wannan wahalar?" Yaya Babba ta tambaya. "Ke dai ba ƙarfi gare ki ba, Auta kuma ga shago."

"Wadda ta gasa shi."

"Inna, wadda ta yi miki ƙarya?"

"Ita fa. Ƙarya ta yi, kuma ta ji mini ciwon da ban taɓa ji ba tun rasuwar babanku. Amma ranar nan akwatina a buɗe yake, mota na ƙofa. Da ta ƙara yin shiru na awa ɗaya, da na tafi da laifin a kaina har kabari, ita kuma ta zauna da sunanta mai kyau. Ta san abin da zai biyo baya, ta buɗe baki. Ke da na haifa, kwana biyu ya ishe ki yarda hankalina ya tafi."

A karo na farko tun da Sista ta san Yaya Babba, ta ga ta sunkuyar da kai tana gyara goyon da ba abin da ya same shi.

Inna ta tura takardar gaban Sista. "Ɗauki. Shekara huɗu kina gidan nan kina tumɓuka kina zaɓa, ina zaune ina kallonki. In kin ga ƙwaro, ki zo ki tambaye ni. In kin yi ɓarna, ki zo ki faɗa mini ranar da kika yi ta, ko da zan zage ki."

Sista ta sa hannu biyu ta karɓa. Hawaye ya taho mata, ta yi saurin kawar da kai don kada ya ɗiga a kan irin.

Shekara biyar abin ya ɗauka, ba huɗu ba, kuma Inna ta rayu ta ga layin farko da ya fito duka ruwan goro da jan tsakiya. Masu iya magana sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma a gidan nan da idonsu suka ga furen nata. Duk wanda ya yi kuskure, gara ya sha kunyar faɗinsa tun yana ƙarami, domin kunyar da aka ɓoye girma take yi, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba take fara dannewa. Har yau akwai masu kiran Sista mai gasa iri a unguwar, ita kuma takan juyo ta amsa.